Ginshiƙin da Ya Yi Jini

Wata injiniya da ta zo duba gine-gine ta fasa gefen ginshiƙin gadar masunta, ta fesa wani ruwa daga kwalba. Nan take kankaren ya yi ja kamar zoɓo.

"Jini!" in ji wata mai kifi. "Dama mun faɗa, mutum ya binne a ciki!"

Babana ne ya zuba gadar. Duk ginin da ke wannan bakin teku na Kwatano gishiri ya ci rodinsa ya tsage, ban da nasa. Tun ina firamare ake kirana ɗan matsafi. Yau ga shi har an fara tsintar duwatsu don a jefe Baba.

"Tokar ɓuntun shinkafa kawai nake haɗawa da siminti," in ji Baba.

"Maganin gwaji ne fa," in ji injiniyar. "Ja na nufin kankaren yana da rai, iska ba ta cinye shi ba. Tokar kuwa ita ta tare gishiri."

Mai unguwa ya ce ƙarya ne, a gwada a gidansa. Aka fasa, aka fesa. Ginshiƙinsa ya tsaya fari fat, tsatsa na zuba daga rodi.

Kowa ya yar da dutsensa ya sulale. Mai unguwa ya ja Baba gefe, ya rage murya.

"Magini, bar zancen toka, ni ba yaro ba ne. Mutum nawa ake buƙata? Ina da wani suruki, tun bara yake kwance a falona."