Na'ura Ta Ƙi Yatsan Baba

Na'urar ta sake yin ƙara, ta kunna jar wuta. Mai-na'ura, kamar yadda 'yan layin karɓar tallafi ke kiranta, ta goge gilashin da bakin mayafinta ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baba, lasa yatsan ka sake ɗorawa."

Tsohon ya lasa, ya ɗora. Ja dai. Magini ne, siminti ya cinye zanen yatsunsa tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ita kuwa na'ura ba ruwanta da tsufa: babu zane, babu buhu.

Akwai mafita, kuma ta san da ita. In na'ura ta ƙi mutum, ma'aikaci na iya tsaya masa a gaban Oga, ya ce ya san shi. Sai dai Oga akwai bin diddigi, sai ya ji a ina ka san shi, kuma me ya haɗa ku. Ko makon jiya ya kori mai awo don an ga ƙanwar matarsa a layi, alhali dokar ofis ta haramta wa dangin ma'aikata tallafi. Ita ga shi aikin wucin gadi take yi, albashin ma sai an ga dama, amma da shi take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

"Baba, ka yi haƙuri, ka dawo wani watan."

"Ba komai, 'yata. Allah ya yi albarka."

Wallahi da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta san marayun jikoki ke jiransa a gida, ta san ƙaramarsu ba ta iya barci da yunwa. Ta sake goge gilashin ta ce, "Na gaba!"

Wata ya zagayo, na'ura ta maimaita halinta. Ita ma ta maimaita nata.

Kashegari da hantsi masu gadi suka kama tsohon a bayan sito da rabin buhun shinkafa a ka. Kai, wane irin ɓarawo ne wannan? Ko gudu bai iya ba, gwiwa ta ƙi. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, yau ga shi yara na bin sa da ihu.

Oga ya tura ta ofishin 'yan sanda ta ba da shaida, tunda a teburinta aka saba ganinsa. Ta tarar da shi zaune a ƙasa bayan kanta, babu hula, babu takalmi, leɓe a kumbure. Kunya da nadama suka rufe ta. Ita ta kai shi nan, ba kowa ba.

Ɗan sanda ya nuna shi da baki. "Malama, kin san wannan tsohon?"

Oga na tsaye a bayanta yana jira. Ta buɗe baki, wannan karon za ta faɗa, aikin ya tafi in zai tafi. Amma tsohon ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, ina za ta san ni? A layi kawai take ganina."

Ya zuba mata ido, irin kallon nan na ki rufa mini baki. Har a nan ma kare ta yake yi, kamar yadda ya saba tun ranar da ungozoma ta miƙa masa ita ta ce, "Ga 'yarka."