Robobi Shida na Ƙasar Alaska

Karo na bakwai ke nan Firdaoussi tana maimaita gwajin, karo na bakwai kuma na'urar ta fito mata da amsar da ba ta so. Ta cire safar hannu ta yi jifa da ita, ta ja tsaki mai tsawo. Kai, wannan abu da ban haushi yake!

Shekara huɗu ta yi tana neman digirin dakta a wata jami'a a Manhattan, kuma duk aikin a kan ƙasa yake, ƙasar Alaska wadda ta shekara dubu ashirin a daskare. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna kwance kamar matattu. Duniya tana ɗumama, ƙanƙarar tana narkewa, su kuma da sun farka sai su hau cin ruɓaɓɓen ganye suna fitar da iskar da ke ƙara zafin. Abin da take son aunawa shi ne da wane sauri suke farkawa.

Na sauran ɗalibai sukan yi mako biyu kafin su motsa. Nata kuwa, awa biyu ta ishe su, sai ka ga suna numfashi kamar ba su taɓa runtsawa ba. Da aka bincika jinsinsu, sai ga irin waɗanda ake samu a kowane lambu na New York.

Farfesanta bai yi wani kwana-kwana ba. Ko dai an gurɓata ƙasar, ko kuma ita ce ta ƙirƙiri sakamakon. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna, in ba ta zo da bayani ba a sallame ta. Shekara huɗu fa! Ta koma Damagaram ta ce wa mahaifinta me?

Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda ya wahalta wa ƙasar nan kamarta. Robobi shida ne farare, kowace da lambarta, masu haƙa suka aiko su. Ko buɗe su ba ta yi ba guguwar Sandy ta faɗo, kwana uku bayan Babbar Sallah. Wuta ta ɗauke a kudancin Manhattan, ruwa ya shanye janareton ginin. Washegari da safe ta hau bene tara da ƙafa, ta loda robobin a kula, ta samu mai tasi da ƙyar ya kai ta unguwar Morrisania a arewacin birnin, shagon Tanti Fatsuma, ƙanwar mahaifiyarta, inda wuta ba ta ko ƙifta ba.

Ta tarar da shagon cike da mata, ana ta yanka nama ana ƙullawa a leda. Da ta roƙi a sa mata ƙasar a firiza, Tanti ta leƙa kular ta riƙe haɓa.

"Ƙasa a firiza? To, Allah ya kyauta, boko bai yi ba."

Bayan kwana biyar Firdaoussi ta dawo ta ɗauki robobin a daskare kamar dutse. Abokan karatunta da yawa sun rasa komai, ita kuwa har tafi aka yi mata. Da ta buɗe ta farko ta ga ƙasa mai laushi, ba tsakuwa ba saiwa, daɗi ya kama ta.

To, in ba ita ba, wa? Ta zauna ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya, lissafin yana ta komawa kan mutum guda. Kwasi, mutumin Kumasi, shi ke wanke kayan gwaji, shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi. Yana da ɗan fili a lambun unguwa a Soundview inda yake shuka tumatir, kuma sau nawa ta gan shi ranar Litinin da baƙi a ƙarƙashin farce? Da wannan hannun yake taɓa mata kaya!

Ta rubuta wa kwamiti shafi uku a kan Kwasi, ba ta rage komai ba.

Da labari ya kai masa, ya tare ta a bakin lifta, ya yi mata Hausarsa ta zango, wadda da ita suke gaisawa kullum.

"'Yar'uwa, shekara sha ɗaya ina aiki a nan. Wallahi ban buɗe robarki ba."

Ba ta ko dube shi ba. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari, amma ita ta san ba ta da warin komai.

Kwamiti ya gamsu da bayaninta. Aka sallami Kwasi, ya tattara takalman aikinsa da hoton 'ya'yansa uku a kwali ya fita. Ita kuma aka ƙara mata shekara guda, aka ce za a sake haƙo mata wata ƙasar in bazara ta yi.

Ranar Asabar da azahar ta je Morrisania kai albishir. Tanti ta zubo mata dambu, ta zauna kan buhun shinkafa tana saurare, har aka zo maganar sabuwar ƙasa daga Alaska. Nan Tanti ta kwashe da dariya tana tafa hannu.

"Haba ɗiyata, wace irin wahala ce wannan? Ai waccan ma da na fito da ita don naman layya ya samu wuri, narkewa ta yi ta koma taɓo, wari kamar kwata, sai na zubar na wanke robobin tas, na je bayan masallaci na ɗebo miki mai kyau, har tankaɗe ta na yi da rariya."