Bencin Majami'armu

Shekarar da aka ƙona majami'armu a unguwar Bukoki, na zaci Mama ba za ta kai wa maƙwabciyarmu Inna Hamsatu abincin Nowel, wato Kirsimeti, ba. Kowa ya san ɗanta Isufu yana cikin waɗanda suka kwashi kaya ranar. Amma da la'asar Mama ta cika kwano da shinkafa. Ta sa nama, ta cire, ta sake mayarwa.

"Taho ki raka ni," in ji ta.

Muka tarar da Inna Hamsatu a kan benci tana tsinkar zogale. Nan take na gane bencin majami'armu ne: ƙafa ɗaya ta babbake, ga ƙaramin gicciyen da Baba ya zana a gefe. Ta miƙe zumbur, tana kare wurin da zanenta.

Murfin kwanon ya fara kaɗawa a hannun Mama.

"Zauna abinki, Maman Isufu," in ji Mama. "Don zama aka yi shi. Matsa mini."

Inna Hamsatu ta koma ta zauna. Mama ta zauna kusa da ita, ta ɗebi zogale.

Har yau, in yafiya ta yi mini nauyi, ƙarar murfin nan nake ji.