Get Sittin na Yaya Bature

Auta tana kan zanin gado na tamanin, dutsen guga a hannu, aka zo aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin wanki: otal yana neman mutum ɗaya a teburin karɓar baƙi. Sharaɗi guda ne, Turanci.

To kun ga ita Auta shekararta uku a ɗakin nan, ba taga, sai tururi da warin sabulu. Teburin gaba kuwa ga sanyin esi, ga kujera mai juyawa, har da alewa a kwano. Ta rantse ko da rarrafe sai ta hau kujerar nan.

Matsalar ita ce a aji huɗu ta bar makaranta, Turancinta duk na kallon fim ne a waya. Kuma abin da ta gano a finafinan shi ne Turawa malalata ne, kalma ɗaya suka samu suke gana mata azaba: get. Ka samu abu, get. Ka isa wuri, get. Ka gane magana, get. Tashi daga barci get ne, shiga mota get, fita ma get, aure get, saki get, ciwo get, warkewa kuma dai get. Baiwar Allah kalmar nan ta fi Auta shan aiki, ita ko hutun mako babu.

Ta ce shi ke nan, in ta kama get ta kama Turanci a wuya.

A gidansu kuwa akwai gwani, babban wansu, Yaya Bature. Tun yana sakandare sunan ya bi shi, don ko akuya ce ta shigo tsakar gida da Turanci yake korar ta, kuma wallahi tana fita. Umma har yau in ta yi baƙi sai ta ba da labarin. Takardar sakamakonsa dai ɓera ya cinye tun kafin kowa ya gani, amma littattafansa suna nan a akwati ƙarƙashin gadon Umma, ba mai taɓawa.

Can Auta ta tono wani tsohon littafin rubutu. Shafi shida cur, get zalla, jimla sittin da hannun Yaya. Yawancinsu an zagaye su da biro, tawadar har ta koɗe. Ta ƙirga zagayayyun, hamsin da bakwai.

Ta kira shi a waya, yana can wani gari yana gadin sito.

"Yaya, waɗannan da aka zagaye fa?"

Sai ta ji ya yi tari.

"Wane littafi kika ce? Au. Ai su ne manyan. Malamarmu in abu ya burge ta zagaye shi take yi. Ke wa ma ya ce ki taɓa min kaya?"

"Hamsin da bakwai cikin sittin! Kai Yaya, kai ƙwaro ne."

"Ba na jin ki, sabis ba kyau," ya kashe.

Sati biyu Auta ta yi tana hadda. Ukun nan da ba a zagaye ba ko kallonsu ba ta yi ba, me za ta yi da ragowa? Tana guga tana get, tana ninke tawul tana get, har ta ƙona rigar filo biyu. Mai wankin da suke aiki tare ta ce, "Ke Auta, in aljanu ne ki faɗa tun da wuri a nemo mai magani."

Ranar gwaji su biyar ne a benci ƙofar ofishin Madam manaja. Madam dattijuwa ce, tabarau a kan hanci, ba ta daɗe da zuwa otal ɗin ba. An ce ritaya ta yi daga wani aikin. Ita ce mai ce wa gardawa masu gemu, "Zauna daidai," kuma su gyara zama.

Da layi ya zo kan Auta, Madam ta ce, "A ce ni baƙuwa ce, na sauka yanzu, jakata ta ɓace. Yi min magana da Turanci."

Ai sai Auta ta kunce famfo.

Jimla ta farko, Madam ta ɗaga gira. Ta uku, ta ajiye biro. Ta goma, ta cire tabarau ta zuba mata ido. Auta ta ce a ranta, ta kamu, bari in ƙara wuta. Ta manta ma da zancen jaka, ta ci gaba da jero su yadda suke a shafi. Wajen ta ashirin ta ga leɓen Madam yana motsi tare da nata, har yana riga ta kaiwa ƙarshe. Kafaɗun Madam suka fara rawa.

"Tsaya, 'yar nan. Kina da wa? Wani dogo mai wushirya, mai zaman bayan aji?"

Daɗi ya kashe Auta. Kujera ta samu.

"Yaya Bature! Ashe kin san shi, Madam?"

"Bature," Madam ta maimaita, tana share hawayen dariya da gefen mayafi. "Koma wajen gugarki, kujerar nan ba ta bana ba ce. Amma ƙwaƙwalwa kam kina da ita. Wanda ya haddace wannan tarkacen ba tuntuɓe zai iya haddace na ƙwarai. Ki riƙa zuwa ofishina in kin tashi aiki, mu faro daga tushe."

"Tarkace kuma? Madam, manyan fa na zaɓo, zagayayyun nan..."

"Na sani, ai ni na zagaye su. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa zagaye abin da yake daidai ba, kuma yayanki kaɗai na kayar sau uku a jere."