Takardar da Saje Ya Kasa Karantawa

Ya san gaskiya sarai, ya sayar da ita. Shekara talatin yana koyar da shari'a a Atina, amma da sojoji suka ɗora shi kan kujerar firaminista, duk abin da suka so sai ya mayar musu doka, cikin tsohon Girkancin masana wanda talaka ba ya ganewa, har da dokar tsare mutum a tsibiri ba tare da shari'a ba.

Ranar da amfaninsa ya ƙare musu, yana shan gahawa a baranda da hantsi, wani saje ya hawo da mutum huɗu.

"Ina sammacin alƙali?" ya tambaya. "Ba a kama mutum haka kawai."

Sajen ya ciro takarda, ya jujjuya ta, ya sosa ƙeya. "Farfesa, ni ɗan masunci ne. Girkancin nan naku na manya ya fi ƙarfina. Taimaka ka karanta, mu ma mu ji inda za mu kai ka."

Sojojin suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ya sa tabarau, ya fara karantawa da muryar aji. A layi na uku ya daina duban takardar, bakinsa ya ci gaba shi kaɗai. Ya tuna yinin da ya ɓata yana zaɓen kalmomin nan, don kada wani lauya ya sami kafa.

"To, me ta ce?"

"Tsibiri," in ji shi. "Babu alƙali, babu ɗaukaka ƙara."

A can ya mutu bayan shekara shida, ba kotun da ta taɓa jin ta bakinsa.