Burodin Gangami

Yana tsakiyar cin burodi da wake aka hasko gangamin jam'iyya na ɗazu a talabijin, dandalin birnin Puebla ya cika maƙil.

"Dubi tumaki," ya ce wa matarsa da loma a baki. "An kwaso su a bas, sun sayar da mutuncinsu kan burodi da lemon kwalba. Ni ko yunwa za ta kashe ni, ba da ni ba."

"Ci abincinka, tsoho," ta ce, tana jiƙa kumburarrun ƙafafunta a roba.

Tun da masaƙa ta sallame shi, bakinsa kaɗai ke aiki a gidan. Bai taɓa tambayar inda abinci ke fitowa ba.

Sai aka hasko wata mata da hular jam'iyya, rana na dukanta. Na kusa da ita kowa na cin burodinsa. Ita kuwa ta naɗe nata a gyalen da shi ya saya wa matarsa ranar aurensu, ta tura cikin jaka.

Lomar ta maƙale masa a maƙogwaro.

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta miƙo masa lemon kwalba. "Kora da wannan."