Harajin Inna Marka

Ranar da aka buɗe kasuwa bayan kullen korona Awaisu ya kama aikin haraji, kuma ranar ce aka hana karɓar haraji. Ƙaramar hukuma ta yafe wa ƙananan 'yan kasuwa kuɗin rumfa. Nasa kawai ya zaga ya shaida musu, ya ƙara da cewa mai son rancen tallafi ya nufi sakatariya.

Malam Sabo, shugabansu, ya ciro masa tsohuwar rigar aiki daga kabad. Ta yi masa yawa a kafaɗa, aljihun hagu kuma an kama shi da jan zare.

"Duk wanda ya karɓi ko sisi, ya tuɓe rigar ya tafi gida," in ji Malam Sabo.

Kowa ya yi murna da labarin, ban da Inna Marka mai daddawa, can ƙarshen layin 'yan hatsi. Tana hango shi ta miƙe tana kwance bakin zane.

"Inna, an yafe."

Ko fuskarsa ba ta kalla ba. Ta zura kuɗin a aljihun hagu da hannunta, ta dafe wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ka ci abinci kuwa?" ta ce, idonta a ƙirjinsa.

Haka ta yi kasuwa ta gaba, da ta bayanta. In ya mayar mata, ta sake zurawa. In ya bi ta layin mahauta, sai ya waiwaya ya gan ta tsaye a bayansa, ta bar faifanta ga ƙudaje. Ciniki ba ta yi, jarin ya kusa ƙarewa, amma da ya yi mata zancen rance sai ta girgiza kai.

Masu awo suka fara ƙus-ƙus, wai kurwarsa take lalube. Awaisu ya daina barcin kirki. Ko ya rataye rigar a ƙusa, yana jin sanyin tafin nan a kan zuciyarsa. Ga mata da jariri a gidan haya a Funtuwa, ba shi da wata madogara sai wannan aiki.

Magana ta kai sakatariya. Malam Sabo ya ce in ya ƙara karɓar kuɗinta sau ɗaya, ya bar aiki.

Ranar kasuwa Awaisu ya tafi kai tsaye wurinta, ya durƙusa, ya zube mata duk abin da ta taɓa ba shi.

"Inna, don girman Allah ki rabu da ni. In kika ƙara, karɓe rigar nan za a yi a kulle ta a kabad, ni kuma in rasa abin ciyar da iyali."

Sai ga shi ta ɗago ta dube shi a ido, karo na farko. Ta kai hannu ga jan zaren, ta tsaya ba ta taɓa ba.

"Kada su kulle ta, ɗan nan. Na daina. Ka dai riƙa bi ta nan in gan ta. Ni na ɗinke wa ɗana Saminu aljihun nan da zai fara aiki, da korona ta ɗauke shi kuwa ko yatsarsa ba a bari na taɓa ba."